Butar Inna

Ranar da aka binne Inna, Yaya bai yi kuka ba. Ni kuwa na riƙe shi da wannan a zuciya, Allah Ya yafe mini.

Yaya shi ne babba a gidanmu a Kibiya, manomin albasa ne. Shekara uku kafin rasuwar ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa, yana jin muryoyin da ba mai ji sai shi. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya muka kai shi asibiti a Kano. Magani ya kwantar da muryoyin, amma fuskarsa ta tsaya cak, ba fara'a ba ɓacin rai. Likita ya gaya mini ciwon yakan yi haka, mutum ya ji abu a ransa fuskar ta ƙi nunawa. Na ce to, na kuma manta.

Da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, shi ya kamata ya zauna yana karɓar gaisuwa. Mutanen Rano suka zo, na Fammar suka zo. Wani dattijo ya miƙa masa hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Yaya ya zuba masa ido kamar an tambaye shi hanyar kasuwa, can ya ce, "Lafiya lau." Na ji ana ƙus-ƙus a bayana: uwarsa ce fa!

Raina ya ɓaci. Na ja shi zaure na ce, "Yaya, don girman Allah ka shiga ciki, ka daina ba mu kunya." Ni ƙaninsa, ni na faɗa masa haka. Ya shige ciki. Kwana uku ni na zauna a madadinsa ina karɓar gaisuwa.

Rana ta huɗu da azahar na shiga gida, na tarar da shi yana ajiye butar Inna a bakin ɗakinta, da ruwan ɗumi a ciki. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, shi yake kai mata ruwan alwala. Ƙanwarmu ta raɗa mini wai ko sau ɗaya bai fasa ba tun rasuwar.

Na ce, "Haba Yaya, Inna ta rasu fa."

Ya ce, "Na sani." Ya dafa ƙirjinsa, fuskar nan kamar kullum. "Kukan yana nan. Na yi na yi ya fito, ya ƙi. Da ka bar ni na zauna a waje."

A lokacin an riga an naɗe tabarmin.