Neman Notin 'Yar Ingila

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, mu uku a gaban akori-kura. Bakanikena ke tuƙi, Inna tana gefen taga, ni kuma ina tsakiya, duk sanda zai canja giya sai na ɗage gwiwa. Masu tambayar inda na shige Asabar da Lahadin da suka wuce, to Jos na je, kuma ba wani babban abu ya kai ni ba. Bol da noti na je nema.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direba ne a wani kamfanin haƙar kuza a Jos. Da Baturen da yake tuƙawa zai koma ƙasarsu, wajen lokacin samun 'yancin kai, sai ya sayar masa da motarsa, wata baƙa mai zagayayyen baya, sitiyarinta a dama. Kowa a gidanmu 'Yar Ingila yake kiranta. A cikinta muka yi ƙaura zuwa Zariya ina yaro, kuma tun da Baba ya rasu take kan duwatsu a bayan gida, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Bana na ce sai ta tashi. An gyara inji, an yi kujeru, an yi fenti. Da aka zo mayar da bamba da madigadi da ƙofofi aiki ya tsaya cak, don tsatsa ta cinye yawancin bol ɗin da aka kwance.

Na ɗauka abin shiga kasuwa ne kawai. Ashe zaren da ke jikin bol, wanda kanikawa ke kira tiredi, na tsofaffin motocin Ingila daban yake, da inci ake auna shi. Motocin Faransa da Jamus da suka cika titi yanzu kuwa nasu da milimita ne. Bakanikena ya ce mu faɗaɗa ramukan, mu yanka sabon tiredi, mu ɗaura na zamani, wa zai leƙa? Muka gwada guda a madigadi. Ya kama, amma yana ta ƙyalli shi kaɗai kamar haƙorin Makka, ramin kuma ba zai sake karɓar nasa na asali ba har abada. Na ce a dakata. A nan na tuna da Baban Yohanna, babban bakaniken kamfanin su Baba kuma amininsa, mutumin da ba ya yar da ko washa.

Inna ba ta taɓa sa baki a maganar motar nan ba, in ban da sau ɗaya da ta ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Ko shanya za ta yi a bayan gida ba ta kallon wajen. Amma da ta ji an ambaci Jos, sai ta ce, «In ba ni ba, wa zai nuna muku gidan?» Ba da ni ta yi maganar ba, da bango ta yi, don ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa.

A Pambeguwa muka karya da koko da ƙosai. Hanyar ba laifi, sai inda ruwan damina ya zaizaye gefen kwalta, da manyan motoci da ke tafe a tsakiyar titi kamar gadonsu ne. An sauya allunan hanya zuwa kilomita, Inna kuwa ta ce ita Jos ta ƙara mata nisa ke nan. A Saminaka mata suka yanyame mu da gasasshiyar masara, biyu sule, Inna ta yi ciniki har aka ƙara mata ta uku. Daga Jingir hanya ta fara hawa, iska ta sauya, duwatsu suka fito bisa juna kamar da hannu aka jera su. Gonaki kore shar, an kewaye su da shingen ƙerana, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari cike da ruwa. Inna ta zaro wata tsohuwar rigar sanyi daga jaka. Ban san tana da ita ba har yanzu. 

Kasuwar kayan mota muka fara zuwa, don bakanikena yana da yaƙinin za mu gama kafin azahar. Na taho da bol ɗaya mai lafiya da notinsa a aljihu. Shago bayan shago ana zazzage mana kwalaye, notin ya hau, ya yi juyi ɗaya, ya cije. Wani mai shago ya jujjuya bol ɗin ya ce, «Oga, wannan model ai ya mutu tun zamanin Turawa. Ka sayi sabon mota mana.» Wani kuma ya rantse nasa daga Ingila suke, ya kawo sukuru masu kan tauraro na maƙala hannun ƙofa. Na kai wa Inna su a mota don ta ga dai ba zaman banza muke ba. Ta duba sau ɗaya ta miƙo mini.

«Nata tsaga ɗaya gare su,» in ji ta. «Jajaye ne, na tagulla. Na bamba kuma kansu sumul yake kamar rabin ƙwai, ba inda sufana ke kamawa. Da toka nake goge su duk ranar Juma'a.»

Ni dai ban taɓa sanin ita ke goge su ba. Na mayar wa mai shago kayansa.

Muka bi ta Dutse Uku, unguwar da aka haife ni. Gidan yana nan, an yi masa rufin kwano sabo, wani tela ya buɗe shago a zauren. Itacen gwaibar da Baba ke ajiye mota a ƙarƙashinsa an sare shi. Na ce mu shiga mu gaisa, Inna ta ce a'a, ta gani. Sai da bakanike ya ta da mota ta ce a ɗan tsaya, ta sake dubawa, sannan ta ce mu je.

Anguwan Rukuba ta cika ta batse, masu walda da kafintoci da masu faci ko'ina, amma Inna ba ta yi kuskuren lungu ko ɗaya ba. Muka tsaya ƙofar wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Wata tsohuwa siririya tana tsince acca a faranti. Ta ɗago, ta ƙura wa Inna ido, sai ta ajiye farantin a ƙasa.

«Amarya?» ta ce. «Amarya, kai ne?»

Mama Saratu ke nan, matar Baban Yohanna. Ita ta karɓi Inna ranar da aka kawo ta Jos tana amarya, ba ta san kowa ba, kuma ga shi duk sun yi furfura sunan bai canja ba. Suka rungume juna suna dariya suna share ido. Mama Saratu ta kama kunnena ta ce ni ne mai satar mata tumatir. Sannan ta leƙa bayanmu, ta leƙa cikin akori-kura.

«Ina direba?»

Inna ta sunkuyar da kai. Mama Saratu ta gane. Ta zauna a kan turmi, sannan ta ce, «Baban Yohanna ma ya tafi. Bara, da Kirsimeti ya wuce kaɗan. Kullum yana cewa zai je Zariya, zai je Zariya.»

Ba wanda ya aika wa wani. Ba faɗa aka yi ba, kowa dai ya ɗauka ɗayan yana nan, wata rana za a haɗu. Muka yi wa juna gaisuwa a tsakar gidan nan, ita ta yi mana tamu, mu muka yi mata tata.

Na ji nauyin ta da maganar noti a irin wannan zama, na ƙudura mu ci abinci mu juya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo buta, ta nuna mana gabas ba tare da mun tambaya ba. Ta tafi da kanta har wajen mahautan Abatuwa, babbar mayankar gari, ta sayo nama, don ta ce ba za ta ba Amarya abin da za ta yi ta tunani a kansa ba. Ta yi mana gwaten acca da ganye da yalo, mai zafi, daidai da sanyin garin. Bakanikena ya yi ƙari har sau biyu yana cewa ɗanɗanawa yake.

Muna cikin ci ta tambaya, «Mota ɗin fa? Yana nan?»

Inna ce ta amsa, ba ni ba. Ta ba ta labarin komai, har da bol ɗin da ya ɓata madigadi, abin da na ɗauka ba ta ma san an yi ba.

Mama Saratu ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji ana jan ƙarfe a ƙasa. Ta ce mu zo mu taya ta. A ƙarƙashin gado gwangwanayen madara ne manya, jere, kowane cike da bol da noti da washa, an nutsar da su cikin baƙin mai don kada su yi tsatsa. Ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo ba sau ɗaya ba, 'ya'yanta ma sun ce ta rabu da su ɗakin ya sha iska.

«Ni na saba da warin,» in ji ta. «In babu shi ba na iya barci.»

Aka baje buhu a tsakar gida aka juye. Abin da na gani da yammacin nan ba zan manta ba. Tsofaffi biyu sun naɗe hannun riga, suna tsince bol kamar masu tsince wake, hannuwansu baƙi ƙirin. Bakanikena yana gefe da notin da na kawo, duk wanda aka miƙo masa ya gwada. Na farkon da ya hau ya tafi sumul har ƙasa da yatsa kawai, sai bakanike ya yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse. Daga nan ya zama shi ne mai tsanani. Wanda tsayinsa ya zarce ya ce zai taɓa taya, wanda kansa ya cinye ya ce a ajiye, ya ware notin tagulla ya ce na bututun hayaƙi ne, don zafi ba ya sa su cije. Mutumin da ya ce wa zai leƙa, shi ne yanzu yake ƙin washa don ta fi ta asali kauri.

Su kuwa hira suke. Ranar da mazajensu suka kai su kallon ruwa a bayan gari motar ta mutu, suka tura ta da goyo a baya. Ranar da aka kai Mama Saratu asibiti a cikinta tana naƙudar Yohanna, Baba yana tuƙi yana salati, mijinta yana addu'arsa a baya, ita kuma tana ce musu duk su yi mata shiru. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba yana da rai.

Na bamba ne suka ƙi samuwa. Har an fara mayar da kaya Mama Saratu ta tuna da wani ƙaramin gwangwanin taba a aljihun rigar aikin mijinta, wadda ke rataye a bayan ƙofa. Ta buɗe. Ga su nan naɗe a tsumma, kansu sumul, farare tas. Inna ta ɗauki ɗaya ta goga a gefen mayafinta, ta daɗe tana kallo.

Na yi maganar biya, Mama Saratu ta harare ni har na ji kunya. Ta ce abu ɗaya take so. An binne Baban Yohanna a ƙauyensu, bayan duwatsu, kuma tun ranar ba ta koma ba, don ƙafafunta ba sa jure motar haya.

«In mota ya tashi, ku zo da shi. Ni da Amarya a baya. Ya san ƙaransa, zai san mu ne.»

Inna ta kwana wajenta, mu kuma muka sauka gidan wani abokin bakanikena. Da safe aka yi yayyafi. Muka sayi dankalin Turawa da kabeji a bakin hanya, da arahar da in na faɗa a Zariya za a ce ƙarya nake. Mama Saratu ta rako mu har bakin titi, tana tsayawa tana hutawa, kuma sai a lokacin na lura da yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Ta tsaya tana ɗaga hannu har muka sha kwana.

Gwangwanin da aka cika mana, na ce a sa shi a baya tare da dankali. Inna ta ce a cinyarta zai zauna. Mai ya yi ta tsatsowa yana ɓata mata zanen fita, ba ta ko kula ba. Har muka gangaro daga kan duwatsu, zafi ya dawo, ba ta cire rigar sanyin ba sai a Saminaka. Mun shiga Zariya ana kiran la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa kowane rami da irin bol ɗinsa, in ka tilasta masa wani ya kama, ka ɓata shi ke nan. Na kuma koyi cewa Jos ba ta da nisan da muka ɗora mata duk shekarun nan. Tafiyar safiya ɗaya ce, amma aminai biyu suka mutu kowa yana shirin zuwa wajen ɗan'uwansa.

Jiya da hantsi bakanikena ya ɗaura bambar gaba. Muna tsugune muna duba ko ta daidaita, sai na ga inuwa a kanmu. Inna ce, da toka a murfin kwano da tsumma a hannu. Ta tambayi bakanike sauran aikin kwana nawa. Ya ce in an bi a hankali, wata guda.

«Kada a bi a hankali,» ta ce. Sannan ta juyo ta dube ni, ido cikin ido. «Saratu ba ta da ƙarfin da take nunawa. Ku yi sauri.»