Takalman Tsohon Ɗan Majalisa

Najma zuwa Al Gharrafa

A ɗaki na yi asuba, don korona ta sa an kulle masallatai. Ƙanena Sanusi na kwance da zazzaɓi, numfashi na fita da ƙyar. Ban so barinsa ba, amma kafil, wato ubangidan da nake yi wa tuƙi a nan ƙasar Larabawa, ba ya jin wannan yaren. Na ja mota, titi wayam, ko kyanwa babu.

Mahaifin wani likita ɗan Indiya zan ɗauka. Tsohon ya zo ganin jikoki, aka rufe filin jirgi da shi. Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Babana ya daɗe yana wakiltar ƙauyukan manoman rake a majalisar ƙasarmu. Ba a yin rasuwa a mazaɓarsa bai je ba, shi ya sa aka yi ta zaɓensa. Yana da girman kai, ko gidan minista da takalmi yake shiga. Gidan makoki kaɗai yake cirewa. Yau mutanen garinsu yake son gaidawa."

Lusail

A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu, suka duba takunkumi da koriyar alamar lafiya a waya, muka wuce. Gine-ginen da ake yi don gasar cin kofin duniya na tsaye rabi da rabi, babu motsin kowa. Muka tsaya a masaukin leburori. Tsohon ya wuce ƙofa biyu, a ta uku ya sunkuya ya cire takalmi.

Mutanen ɗakin suka miƙe a firgice. Babbansu ya ce, "Sahib, ai lafiya muke." Tsohon ya zauna a ƙasa, aka kawo shayi ya ƙi sha. Can wayar babban ta yi ƙara. Abokin ɗakinsu da ke asibiti ne ya cika.

A mota na ce, "Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya ce, "Idan ka daɗe kana zuwa gidan makoki, ƙafa ce ke sani."

Najma

Da azahar na saya mana shayi da gurasar Indiyawa ta tagar mota. Sai tsohon ya ce, "Na ji kana waya da ƙanenka. Kai ni in duba shi."

Na ce, "Baba, bene ne mai tsawo, ga cuta."

"Yalla, mu je," ya ce.

Yana gaba ina baya, idona bai bar ƙafarsa ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta. A bakin ƙofarmu ya tsaya, ya sunkuya. Na dafa bango. Ashe igiya ce ta kwance, ya ɗaure, ya shiga da takalminsa har kan daddumata. Ban taɓa murnar an taka mini dadduma ba sai ranar. Ya dubi Sanusi ya ce, "A ba shi ruwa, zai tashi."

Komawa Al Gharrafa

Da la'asar muka isa. Likitan na bakin get, yaransa na wasa a tsakar gida. Tsohon ya sauka, ya cire takalman, ya jera su a bakin ƙofa. Likitan ya dubi takalman, ya juya ya dubi yaran.

Tsohon ya ce, "Ƙyale yaran. Makokin nawa ne." Ya shige ba takalmi.

Gida

Na tarar da Sanusi zaune yana neman koko. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, Ya kuma bar mini ɗan'uwana.

Ranar Juma'a likitan ya kira ni, ya ce tsohon ya rasu. Jirage ba sa tashi, taro kuma an hana, don haka ko mutum ɗaya daga mazaɓar tsohon bai zo ba. Ni kaɗai na je ta'aziyya. Na cire takalmina, na ajiye kusa da na tsohon.