Sidi Haruna da Tsakuwar Harra

Bari in fara da laifina, tunda Sidi Haruna ba ya nan balle ya ba ku labarin da kansa ya ƙara gishiri. Katakon gudu na farko da na saya, zanen damisar da ke ƙarƙashinsa ne ya ja ni. A ƙarƙashi fa, inda ba mai ganinta sai kwalta. Abokaina lonbod gare su, dogon katako mai taya huɗu da ake tsayawa a kai a gangaro daga tudu ana karkata dama da hagu. Ni kuwa na yi oda ta waya, aka kawo mini wani guntu mai ƙananan tayoyi masu tauri kamar ƙwallon dabino. Ranar farko, a gangaren bayan gidanmu a unguwar Harra ta Yamma da ke birnin Manzon Allah, wata baƙar tsakuwa ta tsayar da katakon cak. Ni ban tsaya ba. Ɗinki huɗu aka yi mini a haɓa.

Baba ya kulle damisar a but ɗin mota, ya ce ba zan sake taka lonbod ko ɗan'uwansa ba sai kakana Sidi ya amince. Umma ta dube ni da tausayi, don ta san mahaifinta bai taɓa yabon wata taya ba a rayuwarsa.

Ku da kuka san Sidi kun san ba fuska yake fara kallo ba. Shekara talatin ya yi yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu a harabar Harami, saboda haka duk wanda ya zo gaishe shi sai ya duba tayar motarsa kafin ya tambayi iyali. A aljihun da dattawa ke sa turare, shi 'yar kwalbar man keke yake sawa. Wata rana a Bi'ir Ali, inda masu umara ke ɗaura harami, ya ji akwatin wani alhaji yana ƙara ƙii-ƙii, ya bi shi da kwalba a buɗe. Mutumin yana cikin harami, ya zaci turare za a shafa masa a ɓata masa umara, ya tattare mayafinsa ya zura a guje. Sidi ya bi shi har bakin bas yana cewa, "Ba kai ba, akwatin." Da ya dawo, abin da kawai ya ce shi ne tayar hagu ba za ta kai Makka ba.

Wannan mutumin na roƙa ya raka ni wani shagon kayan wasanni a unguwar Ƙurban. Kafin mu hau mota ya tsuguna a ƙofar gida ya cika aljihu da tsakuwa. Ban tambaya ba.

Mai shagon saurayi ne mai fara'a. Ya jera mana lonbod guda shida yana bayani da Larabci kamar rediyo. Sidi ya bari ya gama, sannan ya watsa tsakuwar a kan tayil mai sheƙi.

"Ya ammi, me ke nan?" in ji mai shago.

"Gaya masa titinmu na kawo," Sidi ya ce mini da Hausa. "Ba a shagonsa za ka hau ba."

Ya riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya. Uku suka tsaya a tsakuwar farko, ya ture su gefe da ƙafa. Sauran ukun ya ce in hau kowanne in karkata iya ƙarfina, shi kuma ya durƙusa yana leƙen tsakanin taya da katako. A kan biyu daga ciki, har da wani ja mai kyau da raina ya riga ya kwanta a kai, tayar ta taɓa katakon.

"Ka gani? A kwana za ta cije, kai kuma ka tashi sama. Gaya masa wanda ya ƙera wannan ba ya tsoron Allah."

Na juya na ce wa mai shago kakana ya ce launin ya yi kyau.

Wanda ya rage shi ne mafi muni a shagon. Faffaɗa, yana kusa da ƙasa, an yanke gefensa don tayoyi su sami wurin juyawa, tayoyin manya masu laushi da ke haye tsakuwa kamar ba su gan ta ba. Launinsa kuwa irin na ƙofar kabad ɗin Umma.

"Sidi, ko zane ba shi da shi."

"Kai ma ba wani kyau gare ka ba, amma ba mu mayar da kai ba."

Sai ya juya katakon yana lalube. "Ina birkin?"

Mai shago ya ce babu birki, ƙafa ake sa wa a ƙasa a ja. Sidi ya kalli takalmina. Washegari na nemi na dama na rasa. Ya kai wa mai gyara an manna masa guntun tsohuwar tayar mota a ƙasa. Makonni na yi ina ɗingishi, har malaminmu ya ce in zauna a benci lokacin motsa jiki.

An sayi katakon, amma a ƙarƙashin gadon Sidi yake kwana. Da Baba ya tambaye shi ko ya amince, cewa ya yi, "Katakon yana da hankali. Yaron ne ban tabbatar ba." Kullum bayan la'asar sai ya fito da ni titin da ba shi da gangara ko kaɗan, ya zauna a kujera. In tura sau biyu, ya ce tsaya. In tsaya, ya ce an makara, na riga na kashe tsohuwa ɗaya. A lissafinsa na gama da jirgi guda na alhazai kafin wata ya ƙare. Abokaina su wuce suna ɗaga mini hannu.

A cikin haka ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce sai keke. Ya ƙi na asibiti, ya sa aka fito da tsohon nasa na tura alhazai daga sito. Ya sallami Kawu Bashir daga tura shi a rana ɗaya. Baba ya yi kwana biyu, ya buga dakalin ƙofa, shi ma aka sallame shi. Ran Juma'a babu kowa sai ni, kuma hanyar masallacin unguwa ta gangaren nan take bi.

Da muka kai saman tudun na ji nauyinsa yana jan hannuna. Ban san lokacin da na fara karkata keken dama, in dawo hagu, ina rage gudu a kowace kwana, takalmin mai taya yana jan ƙasa ba. Haka muka isa. Na ɗauka ni ma an sallame ni.

Bayan salla ya kira Baba ya ce, "A ba shi katakonsa."

"Kun tabbata?" in ji Baba.

"Hulata ba ta motsa ba."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya rasu, aka yi masa salla a Harami aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Allah ya jiƙan Sidi, ya sauƙaƙa masa hanya yadda ya sauƙaƙa wa bayinsa da ƙafafunsu suka gaza.

Bai ga na hau shi a gangare ba. Sai bayan an watse daga zaman makoki na fita da katakon. Na gangaro lafiya har kwana ta ƙarshe, na juya in ga ko abokina yana ɗaukata a waya, na faɗa cikin kwalayen mai kanti. Katakon bai yi ko ƙwarzane ba.