Dattijon da Ya Zo a Rage wa Lasifikarsa Ƙarfi

Ranar kasuwar Bukkuyum, Hamsatu na zaune da ƙwaryar nononta gefen rumfar mai gyaran rediyo, sai ga wani dogon dattijo rungume da buhu. Yatsunsa duk kanta, irin ta makaɗan gurmi. Sai da ya waiga hagu da dama kafin ya fito da ƙaramar lasifika mai batir.

"Rage min ƙarfinta," in ji shi, murya a dushe. "Ɗakina ƙanƙane na. Ni ɗai nika son ji, kada ta kai zaure."

Mai gyara ya murɗa wani abu, ya miƙa masa makirufo. Dattijon ya ja baiti ɗaya. Muryar ta tsage a tsakiya, lasifikar ta kai tsagewar har layin masu gero. Mutane suka juyo.

Hamsatu tana kallon gumi na bin wuyansa. Ranta ya ba ta mawaƙi ne, wataƙila ana jiransa wurin biki, 'yan amshinsa kuwa ba su san muryar ta fara tafiya ba.

Ya toshe bakin lasifikar da hularsa, ya dubi mai gyara.

"Akwai wanda yag gane ni?"