La'asar a Bakin Gonar Wake

Ni na fara kawo maganar a sayar da shanun Baba, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Bakwai ne, gwiwarsa ta fara damunsa, mu 'ya'yansa duk mun watse, ni ina aikin gwamnati a Gumel. Shi kaɗai yake fita da su kiwo a bayan Ɗanzomo. Matsalar kuwa la'asar ce. Da zarar Baba ya ta da kabbara, sai wata jar saniya mai wayon tsiya ta ja sauran zuwa gonar waken maƙwabcinmu. Ta gane sarai mutumin nan ba zai yanke salla saboda ita ba. Sau biyu ana kai ƙararsa wurin mai unguwa, alhali Baba dattijo ne da bai taɓa tsayawa gaban kowa a kan laifi ba. Abin ya yi mini ciwo. Na ce masa in aka yi na uku, zan zo da mota in kai su kasuwar Maigatari.

Bayan kwanaki sai Inna ta kira ni tana dariya, wai Baba ya karɓo ɗan kare a rugar wani abokinsa. Baban da in kare ya shinshini rigarsa sai ya canza ta. An ware wa baƙon kwanonsa a bayan garke, da sharaɗin kada ya kusanci buta.

Da na je gida na tarar makarantar karen ta kankama. Da fari da igiya Baba yake zagayawa da shi bakin gonar. In saniya ta nufo, sai ya yi masa fito, karen ya yi haushi, a jefa masa ƙanzo. Wannan bai ɗauke shi kwanaki da yawa ba. To amma mai salla ba ya fito, dole karen ya gane cewa kabbara ita ce alamar ya tafi bakin aiki. Baba kuwa ya ce shi ba zai yi sallar wasa don kare ba, saboda haka ya koma nafila. Kullum da hantsi zai yi raka'a biyu, ya sallame, ya waiwaya. In karen yana bakin gona, ya samu ƙanzo. In kuwa ya zo ya tsuguna a bayansa kamar mai bin jam'i, wanda shi ne ya fi yawa, sai a mayar da shi a sake. Inna ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi nafila irin ta daminar nan ba, ladan dai sai an raba da karen.

Ni ban yarda ba. Wata Asabar na bi su daji, na riga na yi magana da mai mota. La'asar ta yi, Baba ya shimfiɗa buzunsa, ni kuma na ce alwalata ta karye don in samu damar kallo. Yana yin kabbara jar saniyar ta ɗaga kai, ta kama hanya a hankali, sauran na biye. Sai ga karen nan da gudu, har yana tuntuɓe da kunyoyin gona, ya sha gabanta. Ta yi masa barazana da ƙaho, ya ja da baya, ya dawo, bai bar haushi ba har ta juya tana kaɗa wutsiya kamar dama ba can za ta ba. Na sami kaina ina dariya ni kaɗai.

Baba bai yi sauri ba, har addu'arsa sai da ya ja. Da ya shafa, na matso zan fara ba shi haƙuri, sai na ga ko inda shanun suke bai duba ba.

"Ka sallami mai motarka," in ji shi. "Shekara biyu ke nan ina la'asar rabin zuciyata na gonar mutane. Yanzu da na ce Allahu Akbar, to na ce."