Domitila da Rabin Tsibirinta

A kan wani tsibiri mai yawo a saman tafki, wanda aka yi da ciyawar ruwa mai suna totora, aka haifi Domitila Jilapa, a nan ta yi aure, a nan kuma ta yi takaba. Kamun kifi ta gada. Da sassafe takan ja ragarta, ta kai abin da ta samu kasuwar garin Puno, ta komo da dankali da gishiri.

Da jiragen 'yan yawon buɗe ido suka yawaita a tafkin, ƙanenta Fermin ya kafa hasumiyar hange, ya koya wa matan gidan waƙar tarbar baƙi. Domitila ba ta so, amma takan shiga layi ta yi tafi. Ranar da abin ya ishe ta, wata baƙuwa ce ta shiga bukkarta, ta ɗauko hular marigayi mijin Domitila ta ɗora a ka, ana yi mata hoto.

"Yaya, ba da mugun nufi ta yi ba," in ji Fermin bayan jirgin ya tafi.

"Na sani. Ai kai ka buɗe mata ƙofa."

"To da kifinki za mu sa yara makaranta? Ragar nan taki ramukanta sun fi zarenta yawa."

"Je ka aro zarto."

Haka ake yi idan zama ya ƙi: a raba tsibirin biyu. Shi ya riƙe gefe ɗaya na zarton, ita ɗaya, suka wuni suna yanka. Aka tura rabonta da gora zuwa bayan duhuwar ciyawa, inda jirage ba sa bi, aka kafa turaku aka ɗaure.

Ta sami shirun da take so, sai dai tsibiri kullum ruɓewa yake daga ƙasa, dole a riƙa shimfiɗa masa sabuwar ciyawa, ga sanyin ƙashi ya kama mata gwiwoyi. Cikin damina ƙafarta ta burma har cinya. Ta fito, ta shanya zanenta, ba ta gaya wa kowa ba.

Daga hasumiyarsa Fermin ya hango bukkarta ta karkace. Sai ga shi da kwalekwale shaƙe da totora, da wasu baƙi biyu dogaye, hancinsu ya ƙone da rana.

"Waɗannan fa?"

"'Yan yawon buɗe ido ne, wai ainihin zamanmu suke son gani. Na ce su zo su yi dako."

Ta dube su sama da ƙasa, ta nuna musu inda za su fara. Duk inda suka shimfiɗa a karkace ta sa suka kwashe suka sake. Da azahar ta zuba musu romon kifi, ta ƙara wa wanda ya fi ƙoƙari.

Ba ta yarda a sake haɗa tsibiran ba. Fermin na kawo ciyawa duk wata, ya zauna ya ci abinci, su yi gardama a kan ragarta har rana ta yi sanyi.