Sawu ɗaya na yashi

A lokacin ni ne mai kula da ginin wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye ta wajen Randagi. Ina da zafin kai, kuma ba abin da na tsana kamar a ce aiki ya tsaya a hannuna.

Ranar da muke zuba kankaren rufi, da hantsi, wani dattijo makiyayi ya ja ni gefe. Ya ce ya ga mutanen daji a kan babura kusa da rafin da muke ɗibar yashi, kada kowa ya leƙa can yau. Amma kwaɓi ya yi nisa, yashi ya kusa ƙarewa, kankaren rufi kuwa in aka tsaya a tsakiya ya lalace. Na san in maganar ta fita leburori za su watse, sai na haɗiye ta. Na kira direban tifarmu, wani magidanci mutumin kudancin Kaduna, na ce ya yi mana sawu ɗaya kawai. Ya tambaye ni ko hanya lafiya, na ce lafiya lau.

La'asar ta yi bai dawo ba. Washegari aka tsinci tifar a bakin rafi, ƙofa a buɗe, takalminsa ɗaya a ƙasa. Sati bakwai matarsa tana zuwa kullum da safe, ta zauna a kan bulo, ta tambaye ni ko an ji labari. Tsoro biyu ne suka hana ni sakat: kada a kashe shi, kuma kada dattijon nan ya buɗe baki. Ko shanu na hango daga nesa sai in sauya hanya.

Allah ya kuɓutar da direban, amma ƙafarsa ta dama ta nakasa, shi da tuƙi har abada. Da na je gaishe shi, ya riƙe hannuna, ya ce in daina damuwa, ai ba wanda ya san mutanen dajin suna wurin. Na ce masa haka ne.

Ginin yana nan, ko tsagewa bai yi ba, ni ne dai ba na iya bi ta gabansa. Duk wanda aka ba amanar ma'aikata, in ya ji labarin haɗari ya faɗa musu, su zaɓa da kansu. Rufi in ya lalace ana sake zubawa. Mutumin nan har yau addu'a yake yi mini, ni kuwa na kasa gaya masa.